Abin da ka fesa ma garka, sauro na jin shi a ɗaka

Ƴan'uwana manoma, masu garka da masu gona, na Gabi da Maraka da sauran ƙauyukan bakin gulbi.

Akwai maganar da nake ji kusan kullum in na fita zagaye. Mutum ya tsaida ni bakin garka, ya ce: "Malam, maganin yanzu ruwa ne. Da, marfi ɗaya nake zubawa cikin famfo, ƙwari su zube. Bana na zuba uku, da safe na iske su suna kiwo." In na shiga gida gaisuwa kuma, sai uwargida ta ce: "Malam, sangen da anka raba muna da farko, sauro in ya sauka bisa shi faɗuwa yake. Na yanzu kuwa bisa shi yake kwana yana waƙa."

Maigida na kukan garka, uwargida na kukan ɗaka. Abin da nake so in gaya muku yau shi ne, kukan nan biyu tushensu ɗaya. Kuma in ba mu canza hannu ba, mu da kanmu za mu ƙarar da makamin da ke tsare ɗiyanmu daga masassara.

Laifina na farko

Bari in fara da kaina, don wanda ya ɓoye laifinshi bai isa ya yi ma wani gargaɗi ba. Shekarar da na fara aiki, wani dattijo mai garkar mangwaro da lemu, da tumatir a tsakani, ya kawo mani wanga kuka. Ni kuwa sabon fitowa daga makaranta, kaina cike da faransanci, ina jin kunyar a ce malamin gona ya rasa amsa. Na ce mashi ya ƙara rabin marfi. Ya ƙara. Feshi biyu ya ga aiki, ya yi ta sa mani albarka. Da shekara ta kewayo, tsutsa ta dawo ta fi ta bara, marfi biyu ba su taɓa ta ba. Zumar da ke cikin amyarshi ta watse. Yaronshi da ke goyon famfo ya kwana biyu da ciwon kai da amai. Kuɗɗin magani sun ninka, amfani ya ragu. Ni na ba shi wannan shawara, kuma har yau in na bi ta bakin garkar ina tunawa.

Ƙaƙa ƙwaro ke gagarar magani?

Ku manoma kun fi kowa sanin amsa, don kuna yin irin wanga aiki kowace kaka. In kana son hatsi mai saurin nuna, mi kake yi? Kakan zaɓi zangarniyar da ta riga nuna, ka aje ta iri. Baɗi ka sake zaɓe. Bayan ƴan shekaru, duk gonarka ta zama ta mai sauri.

To, famfon feshi ma zaɓen iri yake yi. A ce ƙwari dubu ne bisa itace. Ka fesa, duka sunka mutu sai goma. Goman nan da ma can Allah ya halicce su da wani ɗan bambanci a jiki, guba ba ta kama su sosai. Kai kuwa ka share masu fili: ba mai tayin abinci, ba mai tayin wuri. Su za su haihu, ɗiyansu su gaji taurin. Ka sake fesa wannan maganin, ka sake tankaɗe masu rauni, ka bar ma masu tauri gida. Kowane feshi, kana aje ma kanka irin ƙwaron da ba ya ji.

Abin da ke sa lamarin sauri shi ne haifuwarsu. Cikin zafi irin namu, daga ƙwan sauro zuwa sauro mai cizo kwana goma ne ko kusan haka. Damana ɗaya, sauro ya ga kakanni goma. Mu ƴan Adam sai mun yi shekara fiye da 200 kafin mu ga haka. Ƙudan mangwaro kuwa, wajen wata ɗaya ya ishe shi ya ga ɗiyanshi sun fara nasu ƙwai.

Abin ba yau ya fara ba

Kada wani ya ce sabon abu ne, ko kuwa Nijar kaɗai ya sama. A cikin garka anka fara ganin shi. A 1914 wani malami mai suna Melander, a jihar Washinton ta Amurka, ya rubuta cewa wani ƙwaro mai manne ma itacen tuffa ya daina jin maganin farar wuta da anka saba kashe shi da shi. A 1939 Paul Müller na ƙasar Suwis ya gano cewa DDT na kashe ƙwari. Duniya ta ɗauka an gama da su, har anka ba shi babbar kyautar Nobel a 1948. Amma tun kafin ya karɓi kyautar, ƙudan gida a wasu ƙasashen Turai ya fara gagarar DDT. Yau irin ƙwarin da anka tabbatar sun gagari wani magani sun wuce 500.

Mu dawo ƙasar Hausa. A 1954 anka fara wani babban aikin feshin ɗakuna a yammacin lardin Sakkwato, wajen Birnin Kabi, don a kashe sauron masassara. Cikin magungunan akwai wani mai suna diyeldirin. Da farko sauro ya yi ƙasa ƙwarai. Cikin 1955, shekara biyu ba su cika ba, anka iske sauron wajen ya daina jin diyeldirin. Sunan garin Ambursa ya shiga littattafan masana na duniya ta dalilin wannan sauro. Daga 1969 zuwa 1976 kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, da gwamnatin Najeriya sun yi aikin Garki, a tsohuwar jihar Kano. An fesa ɗakuna sosai da wani magani na daban. Masassara ta ragu amma ba ta yanke ba, kuma cikin dalilai har da wanga: wani kashi na sauron ba ya hutawa bisa bangon ɗaka, waje yake fita bayan ya sha jini. Kun ga ashe ƙwaro na da hanya fiye da ɗaya ta tsere ma guba.

Mi ya haɗa garka da sange?

Ɗauko kwalbar da kake fesawa, ka ba yaro ɗan lakkal ya karanta maka ƙananan baƙaƙen da ke ƙasan babban suna. Sau da yawa za ka ji lambda-siyalotirin, ko sifermetirin, ko deltametirin. Ka lura duka da "tirin" sunka ƙare. Gida ɗaya ne, ana ce masu piretiroyid. To, maganin da ke cikin zaren sange shi ma ɗan gidan ne: deltametirin, ko fermetirin, ko alfa-sifermetirin. An zaɓe su ne don suna kashe sauro da sauri, kuma ɗan kaɗan da ke jikin sange ba ya cutar da mai kwana ciki.

Ina sauro ke haifuwa? Cikin ruwan da ya kwanta. Bakin rijiyar garka, cikin kwari da fadama, cikin sawun shanu, cikin ramin da anka ɗebi ƙasar bulo. Ka fesa, ka yi ban-ruwa, guba ta gangara cikin kududdufin. Ka gama, ka wanke famfo a bakin ruwan. Tsutsar sauro ta tashi cikin guba tsarma-tsarma, wadda ba ta isa ta kashe duka ba, ta isa dai ta tankaɗe masu rauni. Wanda ya fita daga nan da rai, shi ne zai zo da dare ya sauka bisa sangen ɗiyanka kamar ya sauka bisa zanen shanya.

Masana sun bi sawun abin. A 1993 anka fara ba da labarin sauron masassara mai gagarar piretiroyid a Kwaddibuwa. A 1998 anka gano canjin da ya samu jijiyar sauron: kamar a ce gubar makulli ce, shi kuwa ya canza kwado. Kwadon nan ɗaya ne da wanda DDT ke buɗewa, shi ya sa sauron da ya gagari ɗaya yakan gagari ɗayan. A Burkina Faso an iske sauron yankin auduga, inda ake yawan feshi, ya fi na sauran wurare tauri. Cikin waɗannan shekaru kuma, wajen 1996 zuwa 1998, tsutsar auduga, wadda ita ce ke huda muna tumatir, ta gagari piretiroyid a ƙasashen auduga na yammacin Afirka.

Gaskiya ɗaya ce, ba zan ɗora ma manomi dukan kaya ba. Sangen da kanshi yana zaɓen iri. A ƙarshen 2005 da farkon 2006 an raba sange mai magani wajen miliyan 2 a duk faɗin Nijar. Masu bincike na cibiyar CERMES ta Yamai sun bi sauro kafin rabon da bayanshi, sunka iske wancan canjin kwado yana ƙaruwa. Amma ku duba bambanci. Sange dole ne, ba mu da abin da ya kai shi. Feshi uku inda ɗaya ya isa kuwa, wannan ganganci ne. In jaki na ɗauke da kayan da ba makawa, ba ka ƙara mashi dutse.

Ku san abin da ke cikin awo. Lissafin OMS ya nuna a 2023 masassara ta kashe mutum wajen 597,000 a duniya, mafi yawansu yara ƙanana na Afirka. Ƙasashe huɗu sun ɗauki fiye da rabin wannan mutuwa: Najeriya, Kwango, Nijar da Tanzaniya. Wanda ya taɓa kai yaro likita cikin watan Satumba, ya ga uwaye jere har bisa tabarmi a waje, ba ya bukatar a karanta mashi lissafi.

Ba kowace kasawa ce gagara ba

Kafin ka ce ƙwaro ya gagara, binciki kanka. Maganin da ka saya a kasuwa cikin kwalbar da ba takarda, wanda ya kwana wata uku cikin rana bisa tebur, wa ya san abin da ke ciki? Feshin tsakar rana, zafi ke cinye shi. Feshi cikin iska, maƙwabci ke shan shi. Wani lokaci kuma maganin bai dace da ƙwaron ba sam.

Ɗauki ƙudan mangwaro. Wani sabon iri daga Asiya ya bayyana a Kenya a 2003, cikin shekara biyu ya iso yammacin Afirka. Macen na huda fatar mangwaro ta zuba ƙwai ciki. Tsutsa na cin tsoka daga ciki. Ɗan ya faɗi, tsutsa ta fito ta shige ƙasa, ta fito ƙuda. To, gaya mani, in ka wanke itacen da guba, ƙaƙa za ta kai ga tsutsar da ke cikin ɗa, ko wadda ke cikin ƙasa? Abin da ka kashe shi ne zuma da ƙananan ƙudajen da ke ɗaukar ma furen mangwaro gari, da ƙwarin da ke cin ƙwari. Kuma a ƙasar Sin da Taiwan, inda anka daɗe ana yi mashi ruwan guba, wanga ƙuda ya riga ya gagari magunguna iri-iri.

Masu tumatir kuwa ba su manta 2016 ba, shekarar da tsutsar nan mai shiga cikin ganye ta share gonakin Kano da Kaduna. Mutane sun fesa har sun gaji. Ita ma a ɓoye take cin abincinta, kuma ta iso muna da taurin da ta samo tun daga wasu ƙasashe.

Ra'ayina

Ni a ganina, ƙarfin magani kamar rijiyar gari yake. Ba na mutum ɗaya ba ne. Ƙwaro bai san darni ba. Wanda ka horar a garkarka, gobe yana garkar maƙwabci, jibi yana ɗakin ƙanwarka. Don haka bai kamata kowa ya yi yadda ya ga dama ba. Ga abin da nake roƙo mu yi, mu duka, garka da garka.

Na ɗaya, a duba kafin a fesa. A bar feshin ranar kasuwa, wai don sati ya kewayo. Shiga garka da safe, juya ganye, ƙidaya. In ɓarnar ba ta kai kuɗɗin magani ba, bar famfo a rataye.

Na biyu, awon da ke jikin takarda, shi ke nan. Kada a ƙara, kada a rage. Ƙari na kashe mutum da zuma. Ragi kuwa makaranta ce ga ƙwaro. In awon gaskiya bai yi aiki sau biyu ba, kada ka ninka, zo mu duba tare.

Na uku, a canza gida, ba suna ba. Kwalba ja da kwalba kore na iya zama abu ɗaya. Masu ƙarewa da "tirin" gida ɗaya ne. Dimetowat, da forofenofos, da fiya-fiya gidansu ɗaya. In ka yi wata ɗaya da gida guda, wata mai zuwa koma wani gida. Kuma a bar haɗa kwalba uku cikin famfo ɗaya, wannan koya ma ƙwaro karatu uku ne a zama ɗaya.

Na huɗu, tsabtar garka. Kowane kwana biyu a tsince mangwaro da gwaba da lemun da sunka faɗi. A rufe su cikin rami mai zurfin da ya wuce kamu ɗaya, ko a ɗaure cikin baƙar leda a bar ta rana ƴan kwanaki, ko a ba bisashe tun da sauran ɗanye. Aikin yara ne da maraice, ba ya cin ko dala. Amma sai kowa ya yi. Garka ɗaya da anka bari tana isa ta raba ma unguwa ƙuda. Akwai kuma tarkon ƙuda mai ƙamshi da ke jawo mazan, da magani mai zaƙi wanda ake ɗiga ma ɗan sashen ganye kaɗai, ƙudan ya zo da kanshi ya ci.

Na biyar, mu koma ga dogon yaro. Rabin kilo na busasshen ƙwallo, a daka, a jiƙa cikin lita 10 na ruwa ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da maraice. Ba ya zubar da ƙwaro nan take, yana hana shi ci da girma. Ga zogala, wadda ake yanka yau a dafa gobe, wanga ya fi kwanciyar rai.

Na shida, kada a wanke famfo a bakin rijiya, ko gulbi, ko tafki. Ruwan Gulbin Gabi tafkin Madarunfa yake nufa, can kuwa akwai masu cin abinci da kifi. A zuba ruwan wanki cikin rami nesa da ruwa. Kwalbar da ta ƙare a huda ta, kada ta koma ta mai ko ta nono. A cike kududdufan bakin rijiya da ƙasa.

Na bakwai, kowa ya kwana cikin sange, ko da sauro na sauka bisa shi. Sangen da ba huda katanga ne. A ɗinke inda ya yage, a wanke shi da sabulu mai sauƙi, a shanya a inuwa. Sange ba na darnin yayyafi ba ne, ba na kamun kifi ba ne. Kuma a bar yayyafa fiya-fiya a ɗakin da yara ke kwana. In masu rabon maganin riga-kafin masassara na yara sun zo da damana, a ba yaro na kwana uku cif.

Na ji mai cewa...

Na san abin da wani zai ce: "Malam, kai albashi gare ka. Ni in na bar tsutsa sati ɗaya, na rasa abin da zan ciyar da gida. Maganin mai izini tsada gare shi, kuma sai Maradi. Na kasuwa kuwa ga shi a ƙofar gida, da ƴan daloli."

Maganarka na bisa hanya, ba zan ƙaryata ka ba. Amma yi lissafi da ni. Kwalba mai araha da za ka fesa sau takwas, da mai tsada da za ka fesa sau uku, wace ce mai araha? Sa kuɗɗin likita a kai. Araha ba ta ado. Abin da mutum ɗaya bai iya saye, koperatif na iyawa. Ku haɗa kuɗɗi, ku aiki mutum ɗaya wajen mai saida magani mai takardar izini, ya sayo wanda kwamitin ƙasashen Sahel, CSP, ya yarda da shi. Lambar yardar na rubuce jikin kwalba. Birgadiyen garinku, da ma'aikatan kare tsirrai, da mu malaman gona, aikinmu ke nan mu karanta maku.

Kuma kada ku ɗauka in ba guba ba mafita. A nan jiharmu, masu bincike na INRAN a Tarna da na jami'ar Dan Dikko Dankulodo sun nuna ana iya yaƙar murzunar hatsi da wani ɗan ƙaramin zanzaro da ake saki cikin ƴan buhunan garara. Buhu mai leda biyu a ciki yana aje wake wata da watanni ba ko ɗigon magani. A Togo da Binin, wajen 1987 da 1988, farin ƙwaron nan mai kama da auduga ya kusa gama da mangwaro, kuma wani ɗan zanzaro da anka kawo daga Indiya ne ya karya shi. Duk waɗannan abokan aiki, feshin ganganci ne ke fara kashe su.

Ga hukuma ma ina da roƙo. A kusanto da magani mai izini har cikin komin, don manomi ba zai bar na ƙofar gida ya tafi neman wanda bai gani ba. A riƙa auna taurin sauron kowane yanki kafin a zaɓi sangen da za a raba. Tun 2017 OMS ta yarda da sange mai ƙarin wani sinadari da ke karya taurin sauro, a 2023 kuma ta ba da shawarar sange mai magani biyu daga gida biyu. Yanki irin namu, mai gulbi da garake, ya cancanci irin waɗannan. Amma mu sani, sabon sangen ma in munka yi mashi abin da munka yi ma na farko, hanyar da na farko ya bi zai bi.

Dattijon nan da na ba muguwar shawara, daga baya mun zauna ni da shi. Yanzu jikokinshi ke tsintar mangwaro da maraice, feshinshi bai kai rabin na da ba, kuma zuma ta dawo amya. Ranar kasuwar Gabi mai zuwa, duk mai kwalbar da bai san gidanta ba ya zo da ita, mu karanta tare. In an taru wajen sauraron shirin manoma a radiyo, wanda ya iya karatu ya karanta ma wanda bai iya ba, mata ma su ji, don rabin maganar tasu ce.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya tsare muna ɗiyanmu. Amin.